Kan Sarkin da Yaƙi Ya Yi wa Tambari

Idan sojoji suka ci gari da yaƙi, washegari sai maganar gidan waya ta taso. Mutanen gari suna son aika wasiƙa, sojojin ma suna son rubuta wa iyalansu, ga shi abin da ke cikin akwatin ma'aji kan sarkin waɗanda aka kora ne, da hoton sarkinsu da sunan kuɗinsu. Buga sabo zai ci watanni. Sai a kwashi wanda aka tarar a kai maɗaba'ar da ta fi kusa, ko a sassaƙa hatimi, a buga sunan sabon mai iko a kai. Wannan ƙarin bugu shi ne masu tara kan sarki ke farauta, suna auna shi da milimita, suna ba shi lamba a kundi. Ga wasu daga cikin abubuwan mamakinsa, kuma daga maƙwabta za mu fara.

Togo da maɗaba'ar 'yan mishan

Togo ce ƙasa ta farko da ta kuɓuce wa Jamus a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ranar 26 ga Agusta 1914 dakarunta suka miƙa wuya a Kamina, yaƙin ko wata guda bai cika ba. Kan sarkin da aka samu a hannunsu irin wanda Jamus ke bai wa ƙasashen da take mulka ne, mai hoton Hohenzollern, jirgin ruwan shaƙatawa na Sarki Wilhelm na II. Ingila da Faransa suka raba. Kason Ingila aka kai maɗaba'ar 'yan mishan na Katolika a Lome aka buga masa "TOGO Anglo-French Occupation", Faransawa kuma suka buga nasu da harshensu. A bugun farko na Ingilishi tazarar da ke tsakanin layuka milimita 3 ce, a na biyu milimita 2. Milimita ɗayan nan ita ke raba lamba da lamba a kundi, ita ke raba farashi da farashi a wurin gwanjo. Akwai gurbin da harafin ƙarshe bai fito ba, sunan ƙasar ya tsaya a "TOG". Da na Jamus ya ƙare aka koma buga wa kan sarkin Gwalkwas a Akra a 1915, can ma wani gurbi ya fito da "CCUPATION", harafin farko ya faɗi.

A farkon 1915 an sake gano wani ɗan kaso a Sansanne Mango, garin nan na arewacin Togo da fataken goro ke yada zango a hanyar Gwanja. Shi ma aka buga masa, kuma saboda ƙarancinsa wasu daga ciki suna cikin kan sarki mafi wuyar samu a Afirka ta Yamma.

Kamaru: harafi uku, ma'ana biyu

Kan sarkin Kamaru da Ingilishi suka buga wa "C.E.F." a 1915 ba a ƙasar Kamaru aka kama shi ba. A cikin wani jirgin ruwan Jamus mai suna Professor Woermann aka same shi, wanda aka tsare a Firitawun ta Saliyo. Iri 13 ne, tun daga rabin kwabo a kan fenik 3 har sule biyar a kan mak 5, aka riƙa sayarwa a Duwala. A masu darajar sule akwai gurbin da harafin "s" ya fito a kife. Lokacin da ake manna su a wasiƙu a bakin teku, yaƙin bai ƙare a arewa ba: Garwa ta faɗi a watan Yuni 1915, dutsen Mora kuwa bai miƙa wuya ba sai a Fabrairu 1916, kuma cikin sojojin da suka kewaye shi akwai 'yan Arewacin Najeriya da yawa.

Sai dai mai nema ya yi hattara. Haruffan nan uku sun riga sun hau kan sarkin Indiya tun 1900, domin rundunar da Ingila ta tura ƙasar Sin. Idan ka ga jirgin ruwa a ƙarƙashinsu, rundunar Kamaru ce. Idan ka ga Sarauniya Biktoriya ko magadanta da sunan Indiya, ta Sin ce. Daga nan aka samo ƙa'idar farko ta wannan fanni: fara gane kan sarkin da ke ƙasa kafin ka karanta abin da aka buga a sama.

Faransawa a nasu ɓangaren na Gabon suka ɗauko a 1915, sannan na Kwango a 1916. Kamaru ba ta rabu da ƙarin bugu ba bayan haka. A Yaƙi na Biyu an buga wa kan sarkinta kwanan wata, 27 ga Agusta 1940, ranar da ta koma bayan Janar de Gaulle, kwana ɗaya bayan Cadi. A 1960 kuma, da Najeriya ta sami 'yanci, aka buga wa kan sarkinta "CAMEROONS U.K.T.T." domin yankin da ya rage a hannun Ingila bisa amana. An yi amfani da shi a su Mubi har yankin arewa ya shigo Najeriya ranar 1 ga Yuni 1961. Wannan ba na mamaya ba ne, kuma bai kamata a jera shi da su ba, amma shi ne wanda ya fi yiwuwa a tsinta a tsohon akwatin wani dattijo a Adamawa.

Sudan da Fezzan

Kan sarkin farko na ƙasar Sudan ta yau na yaƙi ne. A 1897, lokacin da rundunar Kitchener ke tafiya kudu ta bakin Nilu, aka buga wa na Masar sunan Sudan da Larabci da Faransanci. Bayan shekara ɗaya aka fito da sanannen nan mai hoton masinja a kan raƙumi. Alamar da ke cikin takardarsa wani fure ne mai kunne huɗu, Musulmi suka ga ya yi kama da gicciye suka nuna rashin yarda, a 1902 aka mayar da ita wata da tauraro.

A Janairu 1943 sojojin Janar Leclerc suka taso daga Cadi suka ƙwace Fezzan daga hannun Italiya, wato ƙasar su Murzuk da ayarin Kano ya san hanyarta tun da daɗewa. Kan sarkin Italiya da na Libiya da suka tarar suka buga wa "FEZZAN Occupation Française". Kaɗan aka buga, kuma na jabu sun yi yawa ƙwarai.

Harafin da ya ɓace a waya

A 1916 rundunar Janar Northey, wadda ta shiga Afirka ta Gabas ta Jamus daga Nyasaland, ta nemi a buga wa kan sarki "N.F.F.". Mai buga waya ya tsallake "F" ɗaya, aka buga "N.F.", haka kuma ya tabbata a kundi har yau.

A yaƙin nan dai, Fotugal ta kama wani ɗan yanki mai suna Kionga a bakin kogin Ruvuma. Duk tarihin kan sarkinsa guda huɗu ne, dukansu kan sarki ɗaya na Lourenço Marques aka sauya wa farashi. Mai son ya kammala ƙasa guda a shafi ɗaya, ga ta nan. Tsibirin Mafia kuwa, da Ingilishi suka kama a Janairu 1915, da hatimin hannu aka yi aikinsa, a kan na Jamus, da na haraji, har da na sojojin Indiya wanda dama yana ɗauke da nasa ƙarin bugun. Bugu ne a kan bugu.

Samowa da Niyu Gini

Sojojin Niyu Zilan sun sauka a Samowa ranar 29 ga Agusta 1914. Maɗaba'ar jaridar Jamusawan tsibirin aka sa ta buga "G.R.I.", taƙaicen sarautar Sarki Joji na V da Latinanci. A kan mak ɗaya sai aka buga "1 Shillings", da jam'i. Daga baya aka gyara zuwa "1 Shilling". Abin mamaki, wanda aka gyara ɗin ya fi mai kuskuren wuyar samu, domin kaɗan ya rage lokacin da aka farga.

A Niyu Gini, da kan sarki ya yi wa sojojin Ostareliya ƙaranci, sai suka ɗauko 'yan takardun da ake manna wa wasiƙar rajista, masu sunan gari kamar Rabaul ko Kieta, suka buga musu "G.R.I. 3d", suka zama kan sarki. Kowane gari da lambarsa a kundi.

Wanda aka buga da tafireta

A mashigin Izmir akwai wani ɗan tsibiri da sojojin ruwan Ingila suka riƙe na 'yan makonni a 1916, suka kira shi Long Island. Babu maɗaba'a. Jami'in da ke kula da wurin, Pirie-Gordon, ya sa aka buga kan sarki da tafireta, ana jera takardar kabon a ƙasa domin a sami kwafi da yawa a bugu ɗaya, ya sa hannu a kan kowane. Shi ya sa kundi ke bambanta na sama da na kabon, har da launin kabon ɗin. A ganina wannan na cikin waɗanda buƙatar wasiƙa ba ta isa ta bayyana su ba. An san akwai masu saye a Landan.

Bagadaza, Iraƙi da Bushire

Bagadaza ta faɗa hannun Ingilishi a Maris 1917. A Satumba aka fito da kan sarkin Daular Usmaniyya da aka tsinto nan da can, an buga masa "BAGHDAD IN BRITISH OCCUPATION" da farashi a kuɗin Indiya, wato ana. Wasu iri 'yan ɗaruruwa kawai aka samu. A 1918 aka yi na Iraƙi baki ɗaya, kuma a nan ne abin mamakin yake: kyawawan kan sarkin nan na Usmaniyya masu hotunan masallatan Istanbul, kamfanin Bradbury Wilkinson na Ingila ne ya buga wa Turkawa su kafin yaƙi. Farantan bugun suna hannunsa. Shi aka sa ya sake buga su, ya kuma ɗora musu rubutun mamaya.

Bushire kuwa tashar jiragen ruwa ce ta Farisa, ƙasar da ba ta ma shiga yaƙin ba. Ingilishi suka riƙe ta daga Agusta zuwa Oktoba 1915, kuma cikin watanni biyun nan suka bar kan sarkin Farisa mai rubutun "BUSHIRE Under British Occupation".

Abin ya girmi 1914. Da sojojin Chile suka shiga Lima a 1881, tambarin ƙasarsu suka buga a kan na Peru. A Yaƙin Bowa, bayan faɗuwar Bloemfontein a Maris 1900, "V.R.I." aka buga, Sarauniya Biktoriya ta rasu a Janairu 1901 yaƙi bai ƙare ba, aka koma "E.R.I." da sunan ɗanta. Masu tara na wannan yaƙi ɗigo suke dubawa: ko yana zaune a kan layi, ko ya ɗan ɗaga sama.

Tsibiran da suka ƙi, da rabin kan sarki

A 1940 Jamus ta mamaye Jersey da Guernsey, tsibiran Ingila da ke gab da Faransa. Kwamandan Jersey ya sa aka buga alamar 'yan Nazi da "JERSEY 1940" a kan hoton Sarki Joji na VI. Shugaban tsibirin, Alexander Coutanche, ya ƙi amincewa, aka miƙa maganar Berlin, umarni ya dawo a lalata su. Ba a taɓa sayar da ko ɗaya a gidan waya ba, 'yan kaɗan ne suka tsira. Saboda haka duk wanda ya nuna maka shi a kan ambulan da hatimin gidan waya, ka san ƙirƙira ce. A Guernsey kuwa na kwabo ne ya ƙare, sai hukuma ta yarda a yanka na kwabo biyu daga kusurwa zuwa kusurwa, kowane rabi ya biya kwabo, daga ƙarshen Disamba 1940 zuwa Fabrairu 1941. Irin wannan ba shi da daraja sai yana manne a ambulan ɗinsa, hatimi ya hau shi ya hau takardar, domin almakashi kowa na da shi.

A Dunkirk, a Yuli 1940, hatimin Jamusawa ya fi kan sarki ɗaya faɗi, sai ana buga shi a kan biyu a manne. Italiyawa sun yi haka a tsibiran Kefaloniya da Itaka na Girka a 1941. Wanda ya raba biyun nan ya lalata abin da hannunsa.

Hatiman Japanawa

Babu inda ƙarin bugu ya yi yawa ya kuma rikice kamar ƙasashen da Japan ta mamaye a 1942. A Malaya, kafin a tsara komai, jami'ai hatimansu na sa hannu suka riƙa dangwalawa a kan hoton Sarki Joji da na sarakunan Malay. Shi ya sa kundi ke kiran su da sunayen mutane: hatimin Okugawa a Penang, hatimin Sunagawa a Kelantan. Na Malacca ƙato ne, kan sarki huɗu yake rufewa a dangwale ɗaya, kowane ya sami kusurwa. Mai guda ɗaya rubu'in hatimi ke hannunsa.

Daga baya aka koma maɗaba'a da rubutun "DAI NIPPON 2602". Lambar nan ta ruɗa mutane da yawa. Shekara ce a lissafin sarautar Japan, daidai da 1942. A Filifin baƙaƙen layuka aka ja a kan sunan Amurka. A tsibiran Indunusiya da sojojin ruwa ke mulka, hoton anka aka buga, kuma kusan kowane yanki da irin tasa ankar.

A Bama, wato Myanmar ta yau, inda sojojinmu na runduna ta 81 da ta 82 suka yi yaƙi daga baya, 'yan kishin ƙasar da suka shigo tare da Japanawa ne suka fara. A garuruwan Henzada da Myaungmya da Pyapon suka buga hoton ɗawisu, alamar tsohuwar sarautarsu, daidai kan fuskar Sarkin Ingila. Ɗawisun nan ya yi farin jini wurin masu tarawa, farin jinin kuma ya jawo masa jabu mai yawa. Da Ingilishi suka dawo a 1945, su ma ƙarin bugu suka yi: "MILY ADMN" a Bama, "BMA" a Malaya.

Fuskar Hitila

A 1941 hoton Hitila ya tafi gabas da rubutun "Ostland" da "Ukraine". An buga su da yawan gaske, har yau ba su da tsada. Bayan shekara huɗu sai abin ya juya. A yankin Saksoni, daga Mayu zuwa Agusta 1945, babu wani kan sarki sai mai fuskarsa, kuma an hana nuna fuskar. Ma'aikatan gidan waya suka riƙa tsoma toshiyar kwalba a tawada suna dangwala masa, wasu da yatsa ma. A Ostiriya layuka aka ja masa aka rubuta sunan ƙasar.

Mafi wahalar jerawa a duk Turai ya zo a 1948. Da aka canja kuɗi a yankin Jamus da Rasha ke riƙe da shi, aka umarci kowane gidan waya ya buga hatiminsa mai lambar gunduma da sunan gari a kan tsohon kan sarki. Daga 24 ga Yuni zuwa 10 ga Yuli kawai ya yi aiki. Gidajen waya ɗaruruwa, kowane da hatiminsa, wasu da fiye da ɗaya. Akwai masanan da suka ƙare rayuwarsu a kan kwanakin nan 17.

Wani na kusa da mu: "M.E.F." da Ingilishi suka buga a kan nasu kan sarkin tun 1942, domin Iritiriya da Somaliya da Libiya. Bugun farko iri biyu ne, mai tsawon milimita 14 da mai 13 da rabi, kuma a na biyun wani ɗigo zagaye ne, wani mai kusurwa huɗu, a falle ɗaya.

Yadda ake gane na gaskiya

A nan ne zan daɗe, domin nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Ƙirƙirar kan sarki sukutum aiki ne mai wuya: sai an sami takarda, da zane, da haƙora, da gam. Ƙarin bugu kuwa kalma biyu ce ko uku a kan abin da ake samu da araha. Ɗan damfara zai sayi kan sarki na gaskiya da ɗan kuɗi kaɗan, ya buga masa haruffa, ya nemi ninki ɗari. Wani ɗan Beljiyam mai suna Raoul de Thuin ya zauna a Merida ta Meziko shekara da shekaru yana wannan sana'a. Da ƙungiyar masu tara kan sarki ta Amurka ta rasa yadda za ta yi da shi, sai ta saye kayan aikinsa gaba ɗaya a shekarun 1960, ta buga hotunansu a littafi a 1974 domin kowa ya gane hannunsa.

Abu na farko, kan sarkin da ke ƙasa ya dace da wuri da lokaci. Misali mai kyau na Kamaru ne. Bayan ƙasashen sun kuɓuce mata, Jamus ta ci gaba da buga mai jirgin ruwan nan tana sayar wa masu tarawa a Berlin kawai. Fenik 3 na Kamaru mai alama a cikin takarda sai a 1918 ya fito, bai taɓa ganin Afirka ba. Idan ka ga "C.E.F." na 1915 a kansa, magana ta ƙare. Ana ganin alamar idan aka kife kan sarkin a baƙin faranti aka ɗiga masa ruwan da ake sayarwa domin haka. Haƙoran gefe kuma ƙirga su ake yi a cikin santimita 2, akwai ɗan ma'auni na musamman.

Na biyu, juya bayansa. Maɗaba'un wancan zamani da haruffan dalma suke aiki, suna danna takarda, sau da yawa har shatin ya ɗan taso ta baya, tawadar kuma ta taru a gefen harafi. Na'urar bugu ta zamani ba ta danna komai. A ƙarƙashin gilashin ƙara girma za ka ga ɗige-ɗige ko garin tawada a watse.

Na uku, idan an yi amfani da shi, duba wanne ne a sama. Hatimin gidan waya dole ya hau kan ƙarin bugun, tunda bugun ya riga shi. Idan haruffan ne suka hau hatimi, bayan wasiƙa ta isa aka ƙara su. Duba kwanan watan hatimin ma: an sha kama jabun da hatiminsa ya girmi ranar da aka ci garin.

Na huɗu shi ne awo, kuma shi ne ya fi daɗi ga mai haƙuri. Mai jera haruffa a Lome ko Rabaul ba shi da isassun haruffa iri ɗaya, sai ya cike da abin da ya samu: wani "y" siriri, wani "F" ƙarami, wani mai karyayyen ƙafa. Masana sun bi gurbi-gurbi sun rubuta aibin kowane. Na gaskiya dole ya dace da gurbi ɗaya a cikinsu. Shi ya sa bugun da ya fito tsaf babu aibi ko kaɗan yakan fi tayar da hankalin masani.

Bayan duk wannan, mai tsada sai da shaidar masana. A Ingila akwai kwamitin Royal Philatelic Society da ke ba da takardar shaida mai hoto. A Jamus akwai ƙungiyar masu tantancewa, BPP, waɗanda suka saba buga ɗan ƙaramin hatimin sunansu a bayan kan sarki. Inda hatimin ya zauna ma magana ce: idan ya matsa sama daga gindin, alama ce kan sarkin yana da aibi. Su ma hatiman nan an ƙirƙire su, don haka takarda mai hoto ta fi.

Wajen jerawa a kundi

Manyan kundaye huɗu ne: Stanley Gibbons na Ingila, Scott na Amurka, Michel na Jamus, Yvert et Tellier na Faransa. Ba su yarda da juna ba a kan inda kan sarkin mamaya zai zauna. Na Jamus mai rubutun "Belgien" na 1914, Scott a ƙarƙashin Beljiyam ya sa shi, da harafin N a gaban lambarsa, alamar mamaya. Michel kuwa a kundin Jamus ya ajiye shi. Scott ɗin ma bai bi ƙa'idarsa ko'ina ba, domin na Togo da na Kamaru lamba zalla ya ba su. Saboda haka lamba ba tare da sunan kundi ba ba ta da amfani. Kowane kundi kuma ya fi zurfi a gidansa: Gibbons a kan abin da Ingila ta taɓa, Michel a kan na Jamus, Sassone a kan na Italiya.

Abin da ya kamata mai tarawa ya rubuta a ƙarƙashin kowane guda shi ne ƙasar asali da lambarsa kafin bugu, wanda ya yi mamayar, garin da aka buga da shekara, ko na inji ne ko na hannu, launin tawada, awon rubutun, sannan ko an tantance. A kuma ware waɗanda ba na mamaya ba ko da sun yi kama. "SOVEREIGN BIAFRA" da aka buga a kan na Najeriya a 1968 na ɓallewa ne. "TERRITOIRE DU NIGER" na 1921 na sauyin tsarin mulkin mallaka ne. Layuka ukun da aka ja wa fuskar Sarki Faruƙu a Masar a 1953 na juyin mulki ne. Kowane da shafinsa.

A riƙe kan sarki da matsefata mai faffaɗan baki, ban da yatsa. A ajiye kundi a tsaye, a wurin da laimar damina ba ta kai, domin gam na jiƙa ya manne da shafi. Wanda ya tsinci tsohuwar ambulan mai irin wannan kan sarki, kada ya ɓamɓare shi, kada ya jiƙa shi a ruwa. Hatimin garin da kwanan watan da ke jikinta su ne shaidar da ta fi kowace ƙarfi. Mai niyyar saye kuma, musamman ta intanet, kada ya yi cinikin biri a sama: ya nemi hoton gaba da na baya da takardar shaida kafin ya biya ko sisi.